Kwalin gwajin LENR da ake tallatawa a Jidda: kayan na gaske ne, awon ne babu tabbas

'Yan uwanmu masu gyaran lantarki a Jidda da Makka suna ta tambaya kan wani kwali da ake tallatawa a WhatsApp, wai ƙaramin samfurin injin nukiliya ne mai sauƙi, wanda zai tayar da jirgin sama ba da mai ba. LENR shi ne da'awar cewa za a iya samun makamashin nukiliya ba tare da matsanancin zafi ba: a dumama hoda da lantarki, zafin da zai fito ya fi wutar da aka sa. A ciki akwai bututun alumina (wani irin tangaran mai jure zafi), garin nikel kamar giram 1, 'yar hodar lithium aluminium hydride, wayar dumamawa ta Kanthal da ma'aunin zafi samfurin K.

Bututun da wayar ba su da laifi. Inda gizo ke saƙa shi ne awon. Ma'aunin K yakan fara ba da lamba ba daidai ba idan ya daɗe sama da digiri 1,100 na Celsius. Mitar lantarkin da aka haɗo kuma mai araha ce, ba ta iya karanta wutar da ake datsewa ana saki, sai ta nuna ƙasa da abin da aka sha. Daga nan mutum ya ɗauka zafi ya fi wuta yawa. Mai son gaskiya ya zagaya da ruwa ta jikin bututun, ya auna nauyinsa da ƙarin zafinsa (jul 4.18 na makamashi ke ɗaga zafin giram 1 na ruwa da digiri 1), sannan ya maimaita da bututun da babu hoda. Takardar kwalin ko ambaton wannan ba ta yi ba. Hodar lithium ɗin kuwa tana kama wuta idan ta sha laima, ga shi Jidda gari ne na bakin teku, sun kuma ƙunsa ta a leda kawai. Wannan ganganci ne.

Batun jirgi kuma da sauran tafiya. Tun 1989 da masana kimiyya Fleischmann da Pons suka yi shelar samun irin wannan ƙarin zafin a Jami'ar Utah ta Amurka ake neman tabbacinsa. Masu binciken da Google ya ɗauki nauyi sun ce a 2019 ba su ga ƙarin zafin ba. Binciken hukumar NASA ta Amurka kan jirgi mai LENR lissafi ne na "in da a ce yana aiki". Iskar da ke fitowa daga ɗakin ƙona mai ta shiga farfelar baya (turbine) ta injin jet na zamani tana wuce digiri 1,500, nikel kuwa narkewa yake a 1,455. Injin kuma dole ya ba da kusan cikakken ƙarfi cikin daƙiƙa 5 idan matuƙi ya nema, abin da bututun da ke ɗaukar sa'o'i kafin ya yi zafi ba zai iya ba.

Mai koyon awon zafi ya sayi bututun da wayar daban, ya bar hodar. Hannun jarin da suke haɗawa da tallar kuwa, kada a sa ko riyal ɗaya.