Landan ko Munich: wane gidan tarihin ƙere-ƙere za ka shiga?

Malam, ka ce kana koyar da aikin injina a makarantar fasaha, taro zai kai ka Turai, kuma kwana ɗaya tak gare ka na yawo: ko Science Museum na Landan, ko Deutsches Museum na Munich. Duka biyun an gina su ne don ƙasa ta nuna abin da 'ya'yanta suka ƙera, amma salon nunawar ya sha bamban.

Na Landan labari yake ba ka. Yana unguwar South Kensington, asalinsa tun 1857, kuma shiga kyauta ne. Daga zaure zuwa zaure ana nuna maka yadda Ingila ta tashi da ƙarfin tururi da kwal. Ga Puffing Billy, kan jirgin ƙasa na wajen 1814, wanda babu kan jirgi mai tururi da ya girme shi cikin waɗanda suka rage a duniya. Ga ɗakin aikin James Watt, an ɗauko shi da tarkacensa duka. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne injin lissafin Charles Babbage. Mutumin ya zana shi, ya rasu bai gan shi a tsaye ba, sai a 1991 ma'aikatan gidan suka gama haɗa shi bisa zanensa, kuma ya yi lissafi daidai. A sashen sadarwa da aka buɗe a 2014 har da rumfar kiran waya da aka ɗauko daga Kamaru, irin wadda duk muka sani kafin kowa ya mallaki salula.

Na Munich kuwa darasi yake koya maka. Injiniyan lantarki Oskar von Miller ne ya kafa shi a 1903, aka buɗe babban gininsa a 1925 kan wani tsibiri a kogin Isar. Tun farko manufarsa ita ce mai ziyara ya danna, ya murɗa, ya ga cikin injin yana motsi. A nan injin dizal na 1897 yake, na Rudolf Diesel, kakan duk wani janareto da babbar mota masu aiki da dizal da ɗalibanka za su kwance. Ana biyan kuɗin shiga. Ka kuma sani ginin yana cikin gyara, a 2022 aka sake buɗe rabinsa aka rufe ɗaya rabin, motar Benz ta 1886 kuma tana reshen sufuri a wata unguwa dabam.

Akwai wani tebur a babban ginin na Munich da nake so ka tsaya gabansa, mai ɗauke da kayan gwajin da aka gano tsagewar ƙwayar zarra da su a 1938. Shekara da shekaru ana kiransa teburin Otto Hahn, masanin da ya yi gwajin, sunan abokiyar aikinsa Lise Meitner ba ya kan allon, alhali ita da Otto Frisch suka bayyana abin da gwajin yake nufi. Ta tsere daga Jamus a wannan shekarar saboda asalinta na Yahudawa. Daga baya aka gyara rubutun. Abin yana taɓa ni ƙwarai, don mai ziyara abin da ya karanta a allo shi zai tafi da shi gida. Haka a Landan, in ka ga injin kaɗi na Arkwright, ka tuna bayin da suka noma audugar da masaƙun Ingila suka yi arziki da ita.

Da tarihi kake koyarwa, da na ce Landan. Tunda injina ne aikinka, ka tafi Munich, ka isa da sassafe, ka fara da zauren injina kafin ƙafa ta gaji.