Garejin gyaran lagireto a hanyar Tanut: abin da na gani a aikinsu

Watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin rana ke wuce digiri 40 a Damagaram, su ne ke tona asirin tsohuwar mota. Tawa ƙarama ce mai silinda huɗu, cikin waɗanda ake shigowa da su daga Turai ta tashar ruwa ta Kwatano bayan sun sha aiki a can, kuma ta daɗe da ciwo guda: allurar zafi ta hau, ruwa ya ragu, a gyara ta lafa, sannan ta koma gidan jiya. A hannun makanikai daban-daban an canza mata tiyo, an yi wa lagireto walda, an cire tamostat, wato na'urar da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan inji ya yi zafi, da hujjar wai kayan ƙasar sanyi ne, an kuma haɗa fanka kai tsaye da makulli don ta yi ta juyawa. Inda aka shawo kanta wani ƙaramin gareji ne a gefen hanyar Tanut, wanda ba ya karɓar kowane aiki sai na sanyaya inji.

Abin da ya bambanta su shi ne ba su kwance komai ba kafin su gwada. Maigidan ya jira inji ya huce, ya ɗaura wani famfon hannu mai agogo a bakin lagireto, ya matsa iska, muka tsaya muna kallon allura tana sauka a hankali, alamar akwai inda ke yoyo. Yaronsa ya bi da tocila har ya gano farin busasshen tabo a ƙarƙashin famfon ruwa na inji, wurin da ɗigon ke bushewa a jikin inji mai zafi kafin ya kai ƙasa, shi ya sa ba a taɓa ganin jiƙa a inda motar ke kwana ba. Daga nan ya gwada murfin lagireto, ya nuna mini robarsa da ta tsattsage. Wannan ɗan murfi, da mutane ke ɗauka marufi ne kawai, shi ke riƙe matsi na kusan bar 1 (bar ma'aunin matsi ne) a cikin hanyoyin ruwa, kuma da wannan matsin ruwan da ke tafasa a digiri 100 ba ya tafasa sai ya kai wajen 120. Idan murfin ya saki, ruwa zai tafasa da wuri ya fice ta tiyon amai, direba ya yi ta ƙari yana zargin lagireto.

A kan tamostat maigidan bai yi sassauci ba, ya ce mini, "Alhaji, in ba za a mayar da shi ba, gara ka kai motar wani wuri." Ina ganin gaskiyarsa. Tamostat yana buɗewa ne idan ruwa ya haura digiri 80, kuma a injina da dama yana toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa cikin inji, ya tilasta masa bi ta lagireto. In an cire shi, wani kaso na ruwan zai riƙa komawa inji bai huce ba, ga kuma ƙarin shan mai da safiyar hunturu saboda inji ya kasa ɗaukar zafin da yake buƙata. Fanka ma sun raba ta da makulli, sun mayar da ita kan na'urar da ke tayar da ita idan zafi ya kai.

Da suka sauke lagireto sai sauran labarin ya fito. Tsakaninsa da na na'urar sanyaya cikin mota ƙura da ƙaiƙayi sun yi dam, cikinsa kuma farin ɓawo ya toshe ƙananan bututu, irin wanda ke taruwa a gindin butar shayi. A garin da samun ruwa kansa aiki ne, duk wanda ya zo hannu, na rijiya ko na 'yan ga-ruwa, shi ake zubawa, kuma shi ke haifar da wannan ɓawo da tsatsa. Sun wanke hanyoyin ruwa har ya fito fari, suka zuba ruwan sanyaya inji mai launi, wanda ke ɗauke da sinadarin hana tsatsa. Na lura ba sa zubar da tsohon ruwan mota a ƙasa, domin in mai launi ne yana da zaƙi kuma guba ne, ga awaki na yawo a unguwar. Kafin su rufe sun duba ko gasket ɗin kan inji, wato shimfiɗar da ke like tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone, suka nemi kumfa a bakin lagireto da farin hayaƙi a salansa da alamar ruwa a baƙin mai, ba su samu ba, kuma suka faɗa mini haka ba tare da sun ƙirƙiro aikin da babu shi ba.

Sai dai wurin yana da nasa aibin. Aiki na tafiyar hawainiya, domin maigidan ba ya yarda yara su ɗaura komai sai yana tsaye, kuma famfon ruwan da ya yarda da ingancinsa sai da aka jira ya zo daga Kano, ranar da aka yi mini alkawari ta wuce ba wanda ya kira ni. Kuɗin hannunsu ya fi na makanikan cikin gari nesa ba kusa ba, ba sa rubuta takardar abin da aka saya sai ka nace, sannan babu rumfar kirki da mutum zai fake.

Tun bayan gyaran motar ta bi hanyar Magarya da ta Takeita da tsakar rana, da kaya da na'urar sanyi a kunne, allura ba ta wuce tsakiya ba, ruwa kuma yana nan inda suka bar shi. Wanda motarsa ke maimaita zafi zai amfana da su, amma ya tafi da shirin barin ta a can, ya kuma nemi a rubuta masa farashin kaya da na aiki tun kafin a kwance ƙusa ko ɗaya.