Kozumel ko Gran Kayman, da gilashin ruwan da za ki saya wa yara

Hajiya, kin tambaya inda za ku kai yara kallon kifi a ruwa a tafiyarku ta jirgin ruwan yawon shaƙatawa, tsibirin Kozumel na Meziko ko tsibirin Gran Kayman, da irin kayan da za ki saya musu. Kozumel kawai, tunda jirginku zai tsaya a duka biyun kuma fita ɗaya kika ce za ku biya.

Mu da yara uku muka je, autarmu lokacin tana shekara bakwai, yarinyar da ko a wanka ruwa ya taɓa mata ido sai an ji kuka. Aka kai mu El Cielo, wani wuri a tekun Kozumel, a ƙaramin jirgi, ruwa garau ba zurfi sosai, farin yashi a ƙasa, ga taurarin teku jajaye a kwance kamar an jera su. Ta sa fuska sau ɗaya ta ɗago da ihu bututun numfashi na bakinta wai "Baba suna da yawa!", daga nan sai da aka yi da gaske kafin ta fito. Ki dai ja musu kunne, ba a taɓa su ba a ɗaga su, yankin wurin kariya ne na gwamnatin Meziko tun 1996. Yawanci ana haɗa fitar da Palancar, wani wurin murjani da ke kusa, can akwai zurfi kuma ruwa na jan mutum a hankali, to kowa ya sa rigar ceto har wanda ke cika baki ya iya iyo. Murjanin wajen ɓangare ne na jerin da ya fi kowane girma a duniya in aka cire na Ostireliya, wallahi kifin da za ki gani sai kin rasa wanda za ki kalla.

Gran Kayman ba laifi, akwai Stingray City inda faffaɗan kifin nan ke goga jiki da mutane a ruwa iya ƙugu, amma babban jirgi ba ya matsawa gaɓa, sai an kwashe ku a ƙananan jirage da layi da jira, in teku ya yi fushi ma a soke tsayawar gaba ɗaya.

Maganar kaya kuwa, nan ne na yi asara. Na ga gilashin ruwa mai rufe fuska duka ɗin nan a intanet da araha na kwaso guda huɗu, wai yara su riƙa numfashi ta hanci abinsu. Minti goma babban ɗana ya ce kansa na sarawa, ashe na banzan ba sa fitar da iskar da mutum ya huro yadda ya kamata, ita yake ta sake shaƙa. Ga shi ba dama ka matse hanci in kunne ya toshe, balle ka nutsa ƙasa. Suna nan a kwali har yau. Akwai masu kyau a cikinsu, ban musa ba, ni dai na gama da su.

Ki sayi gilashi daban bututu daban, na da ɗin nan. Gefensa ya zama silikon mai laushi, bututun kuma mai murfi a sama wanda ke rufe kansa in igiyar ruwa ta rufe shi. Gwajin ba wuya, yaro ya ɗora a fuska ba tare da ɗaura igiya ba, ya ja iska ta hanci, in ya manne ya tsaya to nasa ne. Ɗigon shamfun jarirai a ciki a ɗauraye yana hana shi yin hazo. Alhaji in yana da gashin baki ya rage, ta nan ruwa ke shiga, ni na sha gishiri kafin na gane. Takalman iyo kar ki cika akwati da su, masu fitar suna bayarwa, bututu ne ba na son na haya, bakin wa da wa ya shiga? Ki ƙara da riga mai dogon hannu ta iyo, don wasu wuraren suna hana shafa man kare rana kafin shiga ruwa.

Abin da ba ki tambaya ba, masu tare mutane a bakin tashar jirgi da hotuna suna cewa rabin kuɗi. Wasu na kirki ne, wasu kuma su cika jirgi maƙil ba rigar ceto ta yara, a kai ku wani waje daban a ce ai nan ne. Haka masu sayar da gilashin roba su rantse miki na gaske ne, ki duba a jikinsa an rubuta tempered, wato gilashi mai ƙwari da ba ya saurin fashewa. Ki yi rajistar fitar ta hannun jirginku ko da ta fi tsada, in kun makara zai jira ku, in da kanku kuka fita ba ruwansa tafiya zai yi. Agogonki kuma ki bar shi kan lokacin jirgi, wayar nan takan canza da kanta.