Bullecourt da Hamel: runduna ɗaya, tankoki, sakamako daban

Malam, ka tambaya me ya sa ake ta yabon yaƙin Hamel na 1918, a Yaƙin Duniya na Ɗaya, alhali sojojin Ostareliya ɗin nan sun taɓa bin tankoki a Bullecourt sun sha kashi. Gaskiyarka, runduna ta huɗu ta Ostareliya ce a gaba a wurare biyun, abokan gabar Jamusawa ne, filin kuma arewacin Faransa. Ni a ganina tsari ne ya raba su.

A Bullecourt, ranar 11 ga Afrilu 1917, Janar Gough na Birtaniya ya amince cewa tankoki kamar goma sha biyu sun isa su tattake wayar ƙaya ta layin Hindenburg, wato jerin ramukan tsaron Jamusawa, don haka ba a share wa sojojin ƙasa hanya da ruwan igwa ba. Tun a jajibiri tankokin suka makara, aka bar mutane kwance cikin dusar ƙanƙara, aka janye su, Jamusawa kuwa suka farga. Washegari wasu tankokin suka lalace a hanya, wasu aka harbe su. Sojojin sun kutsa ramukan Jamusawa da ƙarfin tsiya, harsasai suka ƙare, ɗauki bai zo ba. Asarar ta haura mutum 3,000, fiye da 1,000 daga ciki kama su aka yi. Daga ranar sojan Ostareliya ko sunan tanka ba ya son ji.

Wannan ƙiyayya Janar John Monash, kwamandan sojojin Ostareliya, ya fara magancewa kafin Hamel. Injiniya ne, kuma aikin injiniya ya yi. Ya sa sojojinsa suka yi atisaye da sababbin tankokin Birtaniya samfurin Mark V, suka hau, suka saba da direbobin. Tsofaffin tankokin sai mutum huɗu ke sarrafa tafiyarsu, wannan kuwa mutum ɗaya ya isa. Tankoki 60 ya samu, ya sa su ƙarƙashin umarnin kwamandojin sojojin ƙasa, kuma bai yar da igwa ba. Jirage suna shawagi da dare don ƙararsu ta rufe ta tankokin, da aka fara kuma suka riƙa jefo akwatunan harsasai da lema.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta hayaƙi. Kwana da kwanaki ana harba wa Jamusawa hayaƙi gauraye da iskar guba, har suka saba da sun ga hayaƙi sai su rufe fuska da takunkumi. Ranar 4 ga Yuli da ƙarfe 3:10 na asuba sai aka harba hayaƙi zalla. Mutum cikin takunkumi ba ya gani sosai, numfashi ma da ƙyar.

Sojojin Amurka da aka haɗa da na Ostareliya kuma saura ƙiris a yi babu su. Kwamandansu Janar Pershing bai son yaransa su yi yaƙi ƙarƙashin wasu, ya sa aka janye mafi yawansu. Da aka zo kan ragowar, kimanin 1,000, Monash ya ce in an cire su to a fasa harin. Aka bar su, ranar kuma ta dace da bikin 'yancin kan Amurka.

Minti 90 Monash ya ware wa aikin, aka gama a 93. Ɓangarensa ya yi asarar kimanin 1,400, aka kama Jamusawa wajen 1,600. Kada dai a zuzuta, Hamel ƙauye ne, ci gaban bai wuce kilomita biyu ba. Babban harin Amiens na 8 ga Agusta shi ne aka faɗaɗa wannan salo a cikinsa, da tankoki sama da 400.