Kafin ki hau jirgi da ƙaramin yaro: me za ki saya, me za ki bari a kanti?

Kano zuwa Legas ba ta kai awa biyu ba, yaro zai iya jurewa da ɗan biskit da leƙen taga. Doguwar tafiya ce mai gwada haƙuri. Kano zuwa Jidda ta kusa awa biyar, in kuma ta Alƙahira ko Adis Ababa za a bi, ga zaman jiran wani jirgin. A nan ne iyaye da yawa suke rugawa kasuwar wayoyi ta Farm Centre a Kano su sayi kwamfutar hannu ta yara, suna ganin an gama magana. Ni dai a ganina ita ce ta ƙarshe a layi, musamman ga wanda bai kai shekara 3 ba.

Ba wai ba ta da amfani ba. Ɗan shekara 4 ko 5 zai iya zama shiru da katun har a sauka. Amma tana da tsada, tana buƙatar caji, kuma sai kin sauke bidiyon tun daga gida, don jirage da yawa ba su da intanet. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarwarinta na 2019, ta ce kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara 2 gaban allo, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a rana. Ranar tafiya uwa za ta iya ɗan sassautawa, sai dai ɗan shekara ɗaya da rabi ko kin ba shi ba zai kalla ba, bugawa zai yi a ƙasa. In kina da tsohuwar waya a durowa, ki zuba mata katun ki sa mata gidan roba mai kauri, ta wadatar. Kuɗin ki kashe su a kan abin sawa a kunne: ki nemi na yara wanda aka taƙaita ƙararsa a desibel 85, mai rufe kunne, mai waya. Mai wayar ya fi na Bluetooth, domin ba ya mutuwa a tsakiyar hanya, kuma galibi yana shiga allon da ke jikin kujera. In za ki ɗauki fawa bank, a jakar hannu ake sa shi, an hana sa shi cikin akwatin da ake aunawa.

Abin da na fi so a saya shi ne allon rubutu na LCD, wanda ake zane a kai a danna maɓalli ya goge. Ba nauyi, ba ƙara, ba caji, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na kwamfutar hannu ba. Abu biyu za ki duba kafin ki biya. Na farko, murfin batirin ya kasance da sukuru, saboda ɗan batirin nan mai kama da kwabo in yaro ya haɗiye shi yana ƙona maƙoshi cikin 'yan awoyi. Wannan ba abin wasa ba ne, duk wanda murfinsa ke buɗuwa da farce ki mayar wa mai kanti. Na biyu, alƙalamin ya zo da igiya, in ba haka ba tafiyar za ta ƙare kina laluben ƙarƙashin kujerar wani bawan Allah.

Kusa da shi akwai littafin fenti na ruwa, irin Water Wow: alƙalaminsa ruwa kawai ake zubawa, launi ya fito, ya bushe ya ɓace, a sake. Ya fi fensir mai kala nesa ba kusa ba, don ba ya ɓata kujera ko farar riga. Ki shiga da alƙalamin babu ruwa, ki cika bayan an wuce bincike. Littafin sitika ma yana riƙe ɗan shekara 2 zuwa 4 sosai, ki zaɓi wanda ake ɓarewa a sake mannawa.

Ƙananan motoci, ƙwallo da bulo-bulo na haɗawa, ki bar su a gida, gangarewa suke yi. Haka duk abin wasa mai kiɗa ko kuka, ki tausaya wa maƙwabtan zama. Mai ƙananan guntaye ko maganaɗisu kuwa bai dace da ɗan ƙasa da shekara 3 ba ko a gida.

Sai maganar kunne, wadda babu abin wasan da ke maganinta. Kukan da yara ke yi lokacin tashi, da musamman lokacin sauka, yawanci toshewar kunne ce, haɗiya kuma ita ke buɗe shi. Jariri a ba shi nono ko fida, mai wayo a ba shi ruwa ya riƙa kurɓa da tsinke. Dokar mililita 100 ta ruwa ba ta hana madarar jariri ba, ki dai fito da ita ki nuna wa jami'an bincike. Dabino yana da kyau in an cire ƙwallon an yayyanka, gyaɗa da alewa mai tauri kuwa suna shaƙe ƙananan yara.

Duk abin da kika saya, kada ya gani sai an zauna a jirgi, kuma ki riƙa fitowa da su ɗaya bayan ɗaya. Wayar ki ajiye ta sai awar ƙarshe, lokacin da ya gaji da komai kuma an hana tashi daga kujera.