Digiri daga ƙauye: abin da za ka auna kafin ka biya kuɗi

Wani ƙanena malamin firamare ne a ƙauye, tafiyar awa biyu zuwa babban birnin jiharsu. Yana da takardar shaidar malanta ta NCE, yana son digiri, amma ba zai iya barin aji da gona da iyali ya tare a jami'a ba. Don irinsu aka yi tsarin nan na karatu biyu a haɗe, wani a intanet, wani ido da ido. Da ya nemi shawarata, ban fara da sunan jami'a ba. Na tambaye shi: ina za ka zauna jarabawa, kuma a ina sabis yake kamawa a garinku?

Zaɓin farko ita ce Jami'ar Karatu Daga Gida, wato NOUN. An kafa ta a 1983 zamanin Shagari, aka dakatar da ita a 1984, sai a 2002 gwamnatin Obasanjo ta farfaɗo da ita. Ƙarfinta ga mutumin karkara abu biyu ne. Tana da cibiyoyin karatu a jihohi, har da wasu garuruwan da ba manyan birane ba, kuma littattafan darussanta ana sauke su a waya, a karanta ba tare da data ba. Ga shi yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, wato ASUU, ba ya tsayar da ita, kuma wanda ya sha zaman wata takwas a 2022 ya san darajar wannan. Amma fa babu malamin da zai bi ka. Aikin gwaji da ake kira TMA a intanet ake yi, yana da ranar rufewa, in ta wuce ka ta wuce. Wanda ya saba sai an tsaya a kansa yakan sha wuya a nan.

Na biyu, cibiyoyin karatu daga nesa na tsofaffin jami'o'i, irin ta Jami'ar Ahmadu Bello Zariya da ta Jami'ar Maiduguri. Sunan makarantar yana jan mutane, ba laifi. Sai dai ka duba kuɗin zangon karatu da kyau, ka kuma tambayi garin da za ka rubuta jarabawa. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin mota da masauki da abincin mako biyu a birni na iya gogayya da kuɗin makarantar kanta.

Na uku shi ne karatun ƙarshen mako ko na dogon hutu da wasu jami'o'i ke yi wa ma'aikata, musamman malamai. A wannan an fi ganin malami ido da ido, bai cika cin data ba, amma dogon hutun a tsakiyar damina yake faɗowa, lokacin da gona ke neman mai ita.

Ko wanne ka ɗauka, ka tabbata hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, wato NUC, ta amince da kwas ɗin, kuma in shekarunka ba su kai 30 ba, ka ji matsayin bautar ƙasa daga bakin makarantar kafin ka biya ko sisi.

Sai kayan aiki, inda mutane suka fi asarar kuɗi. Da yawa suna sayar da rago su sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, su dawo gida su tarar batirinta ba ya kai awa ɗaya, garin kuma babu wuta. A ganina, mai kuɗi kaɗan ya fara da waya mai faɗin fuska, mai babban batiri da wurin ajiya isasshe. Da ita zai sauke littattafai, ya yi aikin gwaji, ya shiga zauren WhatsApp na 'yan ajinsu, inda ake fara jin sanarwa. Kwamfuta ta jira sai lokacin rubuta aikin bincike na ƙarshe, sai dai in kwas ɗinka na kwamfuta ne ko lissafin kuɗi. Amma ka samu inda za ka koyi riƙe ta tun da wuri, domin jarabawar shekarun farko a NOUN a kan kwamfuta ake yi.

Wuta kuwa, fawa bank yana fitar da kai kunya kwana ɗaya ko biyu, amma shi ma sai ka kai shi shagon mai caji. Ƙaramin faifan sola da batiri da ƙwan fitila ya fi tsada ranar saye, sai dai da shi za ka yi karatu bayan isha'i ba ka jiran janaretan kowa. Shi ƙanena ya saya, ya ɗora a kan rufin kwano, ya danne da bulo biyu saboda iska.

Layi kuma kada ka bi talla. Ka ari wayar maƙwabta, mai MTN, mai Airtel, mai Glo, ka gwada sauke fayil a cikin ɗakin da za ka yi karatu, da rana da kuma dare. Ka riƙe layi biyu na kamfani daban. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, wato NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50, don haka lakcar bidiyo kai tsaye ba ta kowa ba ce. Ka fi son shirin da ke ba ka rubutu da murya da za ka ajiye. Mutanen Zamfara ba su manta da Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse sadarwa a jihar saboda matsalar tsaro. Ɗalibin da ya riga ya sauke littattafansa ya ci gaba da karatu, wanda ya bar su a intanet ya zauna jira.

Ƙanena NOUN ya zaɓa, saboda cibiyar jarabawar tana kusa da gidan yayarmu, inda zai kwana kyauta. Ranar kasuwa yake shiga gari, ya sauke darussan mako guda, ya dawo da su a aljihu.