Tukunyar dalma ko ta inoks? Ƙanwata, ga wadda za ki ɗauka

Ƙanwata, kin ce kuɗin hannunki na abu ɗaya ne, ko saitin tukwanen dalma na kasuwar Katako ko tukunyar inoks, wato ƙarfen nan mai ƙyalli da ba ya tsatsa, ga yayen yarinya ya matso. To, sayi inoks. Guda ɗaya ma ta isa, mai kaurin gindi, wadda za ta ɗauki miyar gidanki da kunun yarinya. Canjin da ya rage ki ƙulle a bakin zane.

Tawa shekararta 11 a hannuna. Gwaggona ce ta kawo mini ita ranar sunan ɗana na fari, a naɗe cikin tsohon zane. Har na ɗan ji haushi a raina, don ni atamfa nake jira. Allah ya ji ƙanta, ta fi ni hangen nesa. Tukunyar nan ta bi ni gidajen haya uku, daga Bukoki zuwa Talaje, ta faɗo daga saman amalanke ranar wani tashi, kunnenta ɗaya ya cire, mai walda ya mayar mini. Kowane azumi a cikinta nake dama kunun tsamiya, kwana 29 ko 30 babu fashi, miyar yakuwa kuwa ba a magana. Yau in na wanke ta na kife, autata sai ta tsuguna tana kallon fuskarta a jiki tana yi wa kanta gwalo. A gidanmu sunanta madubi.

Ita dalma, ba zan ci haƙƙinta ba, tana riƙe zafi, tana da araha, kuma in tuwon suna ne na mutum ɗari babu mai kama ƙafarta. Iyakar yabon da zan yi mata ke nan. Na taɓa sayen wata sabuwa fil, na bar ragowar miyar yakuwa ta kwana a ciki. Da safe miyar ta yi duhu, cikin tukunyar ya yi baƙi daidai inda miya ta tsaya, na shafa da yatsa ya fito toka-toka. Kafin shekara gindinta ya cika da ƙananan ramuka kamar fuskar wanda ya yi agana. Ƙarfen da ya bar ramukan nan ina ya tafi? Mu muka cinye shi da tuwo.

Kun san ni malamar kimiyyar halittu ce a lise, wato babbar sakandare, in na fara ba na tsayawa, sai ku yi haƙuri da ni.

Duk da sunanta, tukunyar dalma yawancin jikinta alminiyon ne. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubi ya ga abin da ake narkawa: tsofaffin fistan, kan injin mota, radiyeta, gwangwanin lemo, guntayen waya, duk abin da yaran bola suka kawo. A narke, a zuba a cikin ƙirar ƙasa, a fasa, a goge. Sana'a ce ta gwaninta, kuma tana ciyar da gidaje da yawa a Yamai, ban raina ta ba. Matsalar ita ce wasu tarkacen suna ɗauke da dalma ta gaske, irin wadda ake liƙi da ita. Dalma tana narkewa a digiri 327, alminiyon sai 660. Ke nan kafin alminiyon ya zama ruwa ita ta daɗe da narkewa ta shige ciki, kuma shi kansa mai zubin ba ya ganinta.

Wani masanin sinadarai a Amurka, Jeffrey Weidenhamer, ya gwada irin waɗannan tukwane na Kamaru a 2014, sannan a 2017 shi da abokan aikinsa suka tattaro 42 daga ƙasashe 10. Suka tafasa ruwa mai ɗan tsami a ciki na awa biyu, kamar dai miya, suka auna. Guda 15 sun saki dalma mikrogiram 1 (kashi ɗaya cikin miliyan na giram) ko fiye a cikin abin da mutum zai ci zama ɗaya, wata daga Biyetnam kuma ta saki sama da 1,000. Ki lura, ba duka ba ne. Mafi yawa ba su kai haka ba. Amma tukunya biyu daga hannun mutum ɗaya, ta Litinin da ta Laraba, suna iya bambanta, don tarkacen da aka narka ba ɗaya ba ne. Caca ce, kuma ni ba na caca da kunun yaye. A 2022 ma'aikatan lafiya na yankin Seattle, da suka ga dalma ta yi yawa a jinin yaran ƴan gudun hijirar Afganistan, sun gwada tukwanen alminiyon da iyayen suka zo da su, suka gwada na inoks. Abin da inoks ta saki kaɗan ne ƙwarai in aka gwama. Amsar tambayarki ke nan a ma'auni.

Abin da ya sa nake zaƙewa shi ne inda dalma take zuwa. Jiki yana ɗaukarta tamkar kalsiyom, sinadarin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suke aika wa juna saƙo da shi. Sai ta zauna a mazauninsa, ta dagula hanyoyin koyo da riƙe abu, a daidai shekarun da ƙwaƙwalwar yaro take ginuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ƙarami yana tsotsar ninki 4 zuwa 5 na abin da babba yake tsotsa, kuma babu wani ɗan adadi da za a ce wannan ba ya cutarwa. In yaro yana da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, abin da ya yi yawa a wurinmu, tsotsar ta fi haka. A jikin babba kuma tana kwanciya a ƙashi shekara da shekaru, ta taso lokacin goyon ciki ta wuce wurin ɗan tayi.

Binciken da ya fi taɓa ni shi ne na wani likitan yara, Herbert Needleman, a 1979. Ya roƙi malaman firamare na wasu garuruwa biyu kusa da Boston su tara masa haƙoran da yara suka famfare, yara sama da 2,000, don haƙori yana ajiye dalma. Waɗanda haƙoransu suka fi dalma su suka fi faɗuwa a gwajin basira, kuma malamansu, da ba su san sakamakon haƙoran ba, su suka fi rubuta wa rashin natsuwa da kasa bin umarni. Bayan shekara 11 ya sake bin sawun wasunsu, ya tarar sun fi sauran kasa gama sakandare da wahalar karatu. Yaran nan ba kwance suke ba, garau ake ganinsu suna wasa. Tun da na karanta wannan nake taka-tsantsan da kalmar daƙiƙi a aji. Ba na cewa duk yaron da bai gane darasi ba dalma ce, yunwa ma tana nan, zazzaɓin cizon sauro yana nan, aji mai ɗalibi tamanin yana nan. Amma bakina ya yi nauyi. A 2005 Bruce Lanphear da wasu suka haɗa bayanan yara 1,333 daga ƙasashe daban-daban, suka ga asarar basira ta fi sauri a ƴan matakan farko na dalma a jini, wato ɗan kaɗan ɗin da muke rainawa.

Dukanmu mun tuna Zamfara a 2010, nan ƙetaren iyaka, inda ake niƙa dutsen zinariya mai ɗauke da dalma a cikin gidaje, yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Waccan guba ce mai yawa lokaci guda, kada wata ta firgita ta ce tukunyarta za ta yi haka. Ta tukunya a hankali take sata. An cire dalma daga man mota a duniya, Aljeriya ce ta ƙarshe a 2021, amma rahoton UNICEF na 2020 ya ƙiyasta yaro ɗaya cikin uku a duniya, kusan miliyan 800, yana da ita a jini fiye da kima. Yanzu daga tsohon batir take zuwa, da fenti, da wasu nau'in kwalli, da kayan girki.

Inoks ma tana da halinta. Ba ta raba zafi kamar alminiyon, in kin cika mata wuta sai kunu ya kama. A kan gaz ki rage, a kan gawayi ki bari ya lafa tukuna. Shi ya sa na ce mai kaurin gindi. Marar kauri za ta sa ki zage ni.

Ba ki tambaya ba, amma sai na faɗa. Ba duk mai ƙyalli ba ce inoks. Wani mai yawo da kaya gida-gida ya taɓa sayar mini da saiti mai biyar, biya kaɗan-kaɗan, yana rantsuwa har da kama kunne. Damina ɗaya tsatsa ta fito a bakin murafen, ashe baƙin ƙarfe ne aka shafe. Kuɗi kuwa bai fasa zuwa karɓa ba duk Alhamis. Wasu kuma siririn alminiyon ne aka goge ya yi sheƙi. In mai kanti ya ɗauko mayen ƙarfe ya ce "Hajiya duba, bai kama ba", kada ya burge ki, don alminiyon ma ba ya kamawa. Ki ɗaga ki ji nauyi, inoks ta ninka alminiyon kusan sau uku. Ki goga farar takarda a ciki da ƙarfi, alminiyon yakan bar toka-toka. Ki duba gindi ko an buga 18/10, hatimin inoks mai kyau, ko da yake hatimi ma ana ƙirƙira shi, don haka kada ki tsaya a kansa kaɗai. Tsohuwar tukunya da aka liƙe ko aka shafa wa fenti ruwan azurfa kuwa, ko kyauta aka ba ki ki ce kin gode.

Masu dalma a gida, ban ce ku zubar ba. Ku raba ta da tsamiya, yakuwa, tumatir da lemun tsami, kanwa ma tana cin alminiyon. Kada abinci ya kwana a ciki, kuma ku daina kankare ta da yashi har ta yi fari, don sabon ƙarfe kuke tonowa. Tawa mai ramuka tana bayan ɗaki, ruwan wanka take dafawa lokacin sanyi.

Asabar da hantsi zan shiga babbar kasuwa neman yadin lakwal na yara. In kin shirya ki kira ni mu haɗu a bakin ƙofa, ki taho da farar takarda.